Inshorar da Na Sa Mannir Ya Yi

Masu karatu, na ga saƙonninku. Wasu sun ce in daina kewaye-kewaye in faɗi abin da ya shiga tsakanina da Mannir, wata baiwar Allah kuma ta ce daga ji ni mai taurin kai ce tun ina yarinya. Ba ki yi ƙarya ba, 'yar'uwa. To yau zan faɗa, amma ku yi mini uzuri in hannuna ya yi nauyi, don wannan wurin ko ni kaɗai ba na son tuna shi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Maijidda, 'yar Malam Muhammad Sani ta Tudun Wada a Gusau. A shekarar 1998 ina aji uku a jami'a a Zariya, ina karanta harkar banki da kuɗi da inshora. Baba bai taɓa son karatun nan ba. In baƙi suka tambaye shi abin da nake karantawa sai ya ce lissafi, ya yi maza ya kawo wata maganar, don a wurinsa banki gidan kuɗin ruwa ne, inshora kuwa gardama ce da ƙaddara. Yayana Lawali ne ya tsaya mini har aka bar ni. Malamin firamare ne a Kwatarkwashi, kullum a kan tsohon baburinsa yake zuwa ya dawo. Ranar da na fara shiga jami'a shi ya ɗora akwatina a ka tun daga bakin ƙofa har ɗakin kwananmu, 'yan mata na ta kallonsa, shi ko a jikinsa.

Mannir kuma ɗan Alhaji Arzika ne na Tsafe, mai motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Funtuwa da Zariya. Shi ke kula wa mahaifinsa da direbobi da takardun motoci. A tasha muka haɗu, na yi masa tsiya kan an cusa mu mu biyar a kujerar mutum huɗu, shi kuma maimakon ya ji haushi sai ya yi ta dariya. Kafin shekara ta zagayo an kawo goro gidanmu, an sa rana sai na gama karatu.

Wata rana a cikin fijonsa na buɗe ɗan akwatin gaban mota ina neman abin goge hannu, sai na ci karo da takardar inshorar motar. Kamfanin ba adireshi, hatimin ma a karkace. Na tambaye shi inda ya samo ta, ya ce a bakin tasha mana, wurin masu tebur, ai takardar nuna wa 'yan sanda ce kawai, kowa haka yake yi. Ranar ya sha lacca. Na yi masa bayanin cewa inshora ta gaskiya alkawari ce, in motarka ta kaɗe wani, kamfani ne zai ɗauki nauyin wanda aka kaɗe ko iyalinsa. Wata da watanni ina kiransa mai takardar bogi, shi yana kirana Manaja. Da ya gaji da bakina sai ya je wani kamfani na gaske da ke da ofis wajen Kantin Daji ya yi wa motocin Alhaji duka inshora. Ya kawo mini takardun har Zariya a naɗe cikin ledar kanti, ya miƙo mini da hannu biyu, wai ga toshina. Wallahi na fi jin daɗinsu a kan turmin atamfar da ya haɗo da su. Na karanta su tsaf, na mayar masa ya adana.

Da daminar shekarar nan Lawali ya rasu. Muna tsakiyar jarrabawa, sai aka ɓoye mini, kamar yadda ake yi. Ƙawata Godiya, wadda muke aji ɗaya kuma 'yar Gusau ce, ita aka gaya wa da ta buga wayar gidansu, ta riƙe abin a cikinta tana cin abinci da ni kwano ɗaya har muka rubuta takardar ƙarshe. A mota, muna wuce Tsafe, ta kama hannuna ta faɗa mini. Ban yi kuka ba sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabanmu.

Abin da aka gaya mini a gida shi ne, ranar kasuwar Tsafe ana ruwa, Lawali ya fito daga kwanar makarantarsu, wata bas ta Alhaji Arzika ta kwashe shi. Direban, aka ce, ya tsorata ya gudu Kaduna. Baba ya je caji ofis ya sa hannu cewa ba ya neman shari'a da kowa, don a ba shi gawar ɗansa kada ta kwana a firijin asibiti, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A zaman makoki Alhaji ya zo da manyan Tsafe, ya durƙusa gaban Baba ya ce a faɗi diyya. Baba ya ɗaga shi, ya ce ya yafe duniya da lahira. Mutane suka yi ta sa masa albarka, har a masallacin unguwa sai da liman ya yi misali da shi.

Ni ma da farko na ga girman abin. Sai da na zauna a gidan na ga abin da yafiyar ta bari.

Lawali ya bar mata, Talatu, da 'ya'ya uku: Hadiza mai shekara shida, da ƙanenta, da jaririya a goye. Talatu na takaba a ɗakinsu da ke kusa da rijiya, zane ɗaya ruwan ƙasa, ba kwalli ba turare. Da can ni da ita ba ma haɗuwa ba mu yi wasan ƙanwar miji ba, tana kirana uwar kinibibi ina kiranta 'yar ƙauye, don daga Rawayya aka auro ta. Yanzu sai dai ta ɗago ta yi mini murmushi ta mai da kai ga aikinta. Aikin kuwa fayafayan jerena ne take ɗinkawa, masu ja da kore, waɗanda ta fara tun mijinta na da rai. Baburin Lawali na jingine a lungu, an rufe shi da buhu. Inna ba ta bi ta wajen, kuma ba ta taɓa kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba yana raye, balle yanzu.

Baba ya yi ritaya, fanshonsa sai an ga dama, albashin Lawali ne ke riƙe da rabin gidan. Don haka manya suka zauna suka yanke cewa in Talatu ta fita takaba za ta koma Rawayya da jaririyar, Hadiza a kai ta Bunguɗu wurin Baffa, ƙanen Baba, namijin kuma ya zauna hannun Inna. Baba da kansa ya ce ba son ransa ba ne, rashi ne, da Talatu na da abin riƙe su da ba wanda zai taɓa mata ɗa. Ita kuwa ba ta ce uffan ba. Hadiza 'yar farinta ce, in ta buɗe baki ta ce a bar mata ita, sai a ce ba ta da kunya.

Wata safiya ina shara na hango ta tana yi wa Hadiza kitso. Ta gama tsaf, sai ta warware ta sake farawa. Yarinyar na ƙorafin wuyanta ya gaji, uwar na cewa bai yi kyau ba ne. Sai da ta yi haka har rana ta take, don kawai kan 'yarta ya daɗe a kan cinyarta. Ina tsaye da tsintsiya a hannu takardun nan na cikin ledar kanti suka faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, Maijidda, shekara uku kina haddace wannan abu don ki ci jarrabawa, ga shi yau ya shigo har tsakar gidanku kina shara.

Washegari na sa mayafi na tafi ofishin kamfanin. Wani mutum mai sanƙo, Mista Gideon, ya saurare ni har na gama. Ya duba ya ce inshorar motar na nan da ranta, kuma matar mamaci da marayunsa suna da haƙƙi, da sunansu za a biya. Sai dai ba wanda ya kawo musu rahoton haɗarin. Dole mai motar ko wakilinsa ya zo da kansa ya faɗi yadda aka yi, a kawo lasisin direba, su kuma su nemi bayanin 'yan sanda. Ya ƙara da cewa an riga an makara ƙwarai, in watan nan ya ƙare ba ya jin hedikwatarsu za ta saurara. Na fito ina lissafin injin niƙa a ƙofar gida da keken ɗinki a ɗakin Talatu, har ina tuntuɓe don sauri.

Na sami Baba bayan la'asar a kan buzunsa a ƙarƙashin darbejiya. Na durƙusa na jero masa bayani yadda na iya, na ce ko sisin Alhaji ba za a taɓa ba, kamfani ne zai biya, don wannan ranar aka yi ta zuba musu kuɗi. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ajiye carbinsa.

"Kuɗɗin jinin ɗana kika so in ci?"

Na ce ba shi zai ci ba, marayu ne, kuma ko a wurin malamai na ji ana cewa babba ba ya yafe rabon maraya. Nan ne na yi kuskuren harshe, don fuskarsa ta canza.

"Wanga karatu naki ya kai ki koya man addini? Gaban mutane na ce na yahe. In koma in ce a ba ni takarda in sa hannu in amsa? Ki bar magana ga, Maijidda. Ki bar ta inda munka binne ta."

Da na tashi sai Inna ta ja ni ɗaki. Ita ba ta yi faɗa ba, roƙo ta yi, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce in dubi girman Allah in rufa musu asiri, mutanen nan surukaina ne, in na kai sunan motarsu ofis wace fuska zan shiga gidansu da ita. Ta ce an rasa ɗaya, kada in jawo a rasa biyu. Na ce mata aurena ne ya fi 'ya'yan Yaya? Ta dube ni kamar za ta faɗi wani abu, sai ta juya ta kama ninke kayan da ta riga ta ninke.

Ina da tabbacin Mannir zai goyi bayana, shi da ya san daɗin da na ji ranar da ya kawo takardun. Ranar Juma'a da yamma ya zo zance. Tun dawowata na lura ya daina zuwa da fijonsa, ɗan kabu-kabu ke sauke shi, in na tambaya ya ce motar na gareji. Ya rame har shaddarsa ruwan toka ta yi masa yawa, agogonsa na yawo a hannu. Na ɗauka mutuwar ce ta taɓa shi, don shi da Lawali sun shaƙu, tare suke zuwa kallon ƙwallo. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo kunun zaƙi, bai taɓa ba.

Da na gaya masa na je Kantin Daji, sai ya ɗago a firgice ya tambaye ni me na ce musu. Na ce gaskiya na faɗa, saura shi ya je ya cika. Sai ya fara kawo dalilai: wai Alhaji ba zai so ba, wai direban ba a san inda yake ba, wai kamfanonin nan wahalar da mutane suke yi. Ya ce shi zai riƙa kawo wa yaran abin da ya samu duk wata. Na ce Baba ya mayar da buhunan masarar da Alhaji ya aiko, nasa ne zai karɓa? Kuma sadaka daban, haƙƙi daban, ni ba bara nake yi wa 'ya'yan yayana ba.

"Don Allah, Manaja, ki bar maganar nan," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Kada ka sake kirana da sunan nan in ba za ka je ba."

Na faɗa masa maganganu ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na ce ashe takardar gasken ma ta nuna wa budurwa ce, kamar yadda ta bogin take ta nuna wa 'yan sanda. Na ce yana tsoron ɓacin ran babansa fiye da hawayen marayu. Bai rama ko ɗaya ba. Ya tashi ya sa takalmansa, ya tsaya ya daɗe yana kallon lungun da baburin yake ta ƙofar zaure, sannan ya fita.

Bayan kwana biyu Baffa ya zo daga Bunguɗu da matarsa. Mutanen kirki ne, ba su taɓa haihuwa ba, murnarsu har ta kasa ɓoyuwa. Matar ta kawo wa Hadiza riga 'yar kanti mai fulawa da takalmin roba ja, ta sa mata, ta ce ta juya a gani, ta ce ai gara ta fara sabawa, ko ta bi su ta yi mako guda ta dawo. Aka haɗa wa yarinyar kayanta a 'yar jaka aka ajiye bakin ƙofa, sai Inna ta ce a bari dai sai uwar ta fita takaba. Duk abin nan Talatu na ɗaki. Da na leƙa na same ta ta cusa bakin zanenta a baki don kada a ji sautinta, basilla ta soke ta a yatsa jini na ɗiga a kan faifan, ba ta ma sani ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zari mayafi na tafi gidan su Godiya, don su ke da wayar tangaraho. Babanta na sa wa wayar ɗan kwaɗo saboda yara, amma da mamanta ta ga idona ba ta tambaye ni komai ba, ta kwance makullin daga bakin zanenta ta buɗe mini. Na buga ofishin Alhaji na tashar Tsafe, layin na ta ƙara kamar ana suya. Rashin sa'a, Alhajin ne da kansa ya ɗauka. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile, ashe labari ya riga ya kai masa.

"Ɗiyata, ni da babanki mun gama magana. In sunan motata ya shiga kamfani, to goron da munka kai gidanku ya zama sadaka. Kin ji ni?"

Na ce na ji, Baba, a taimaka a ba ni Mannir. Na ji an ajiye kan wayar a tebur, na ji hayaniyar 'yan kamasho, sannan numfashinsa. Ban gaishe shi ba. Na ce ranar Litinin da safe zan tsaya a ƙofar ofishin nan. In ya zo, to. In bai zo ba, kada ya ƙara taka zauren gidanmu, don ba zan iya zama da mutumin da ya ga ana raba 'ya'yan Lawali yana da ikon hanawa ya naɗe hannu ba. Na dai faɗa, amma Allah ya sani ina son mutumin nan, son da ban taɓa yi wa kowa ba.

Sai ya ce mini:

"In na zo, Maijidda, auren nan ba zai yiwu ba."

Na ce na ji abin da Alhaji ya faɗa, in shi namiji ne ai zai san yadda zai shawo kan babansa. Ya ce ba maganar Alhaji yake yi ba. Ban tsaya tambayarsa maganar wa yake yi ba, na kife wayar.

Ranar Litinin na ce wa Inna zan je ɗinki. Na sa atamfata shuɗiya da farin mayafi, na ɗauki takardar asibiti da Talatu ta zaro mini daga ƙarƙashin katifa ba tare da ta dube ni ba. Garin ya yi luf da hadari. Na tsaya a barandar ofishin ina kallon kowane babur da ya rage gudu, masu shaguna na buɗewa suna kallona. Har na fara cewa a raina shi ke nan, sai ga shi ya sauko daga bayan wani ɗan kabu-kabu, cikin farin yadi ba guga, da ledar kantin nan a hammata. Daɗi ya kama ni har na manta muna faɗa, na ce masa sannu da zuwa. Ya amsa bai dube ni ba.

Mista Gideon ya ba mu kujeru, ya zura takarda a keken rubutu. Ya tambayi lambar mota, Mannir ya faɗa. Ya tambayi rana da wuri, ya faɗa, har da cewa ana ruwa kuma motar cike take da 'yan kasuwa. Ni ina gefe ina gyaɗa kai, ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. Sai Mista Gideon ya ce saura direba, sunansa da lasisinsa. Na yi caraf na ce direban ya gudu Kaduna, amma a karatunmu an ce ko da haka ana iya...

Mannir ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro lasisi ya ajiye a kan tebur. Na ɗauka na direban ne ya nemo. Na miƙa wuya na duba, sai na ga hoton Mannir ne, da wata hula kube mai ruwan goro da na saya masa a Zariya.

"Rubuta sunana," ya ce wa Mista Gideon. "Ni ke tuƙi."

Ban san yadda aka ƙare ba. Na dai ji keken rubutun ya yi shiru, ya ci gaba, na ji ana cewa a sa hannu nan da nan, na ji Mista Gideon na cewa an karɓa, zai aika hedikwatarsu da ke Kaduna cikin makon, matar mamacin ta shirya zuwa in ta fita takaba. Na ga bakinsa na motsi yana yi mini ta'aziyya. Ƙafafuna ne suka fitar da ni baranda, ruwa ya riga ya sauko.

Mannir ya fito ya tsaya nesa da ni kaɗan. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce ranar direban bai zo ba, fasinja sun cika, sai ya karɓi makullin. A kwanar makaranta babur ya fito, ya taka birki motar ta zame. Sai da ya sauka ya juya mutumin ya ga ko wane ne. Shi ya ɗauke shi, a kan cinyarsa ya cika kafin su kai asibiti. Tun ranar bai ƙara riƙe sitiyari ba, fijon na nan lafiyarta lau a gida.

Na ce wa ya sani.

"Babanki ya sani. Inna ta sani. Talatu ma."

Ya ce shi ya so ya faɗa mini tun ranar da na dawo, Baba ne ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba, ya ce ƙaddara ce ta bi ta hannunsa, kuma ba zai bari a haɗa wa 'yarsa mutuwa biyu ba. Sai a lokacin na gane abin da Inna take nufi, na gane abin da Baba ya binne. Duk gidan sun haɗu sun yi mini rumfa, ni kuma na yi ta saran ginshiƙanta ina ganin na fi kowa sani. Amma ko yanzu in kun tambaye ni, ba zan ce da na bari an kai Hadiza Bunguɗu ba.

Na ce to me ya sa ya zo, tunda ya san abin da zai biyo baya.

"Kin ce don yaran. Ba ni da abin da zan ba su da ya wuce sunana a takardar nan."

Ina so in tsine masa, ina so in ce masa Allah ya saka da alheri. Na dubi hannayensa, su ne suka miƙo mini toshi, su ne suka ɗauki Yaya daga kan kwalta. Na ja mayafina na shiga ruwan. Ya kira sunana sau ɗaya, bai biyo ni ba.

Na isa gida a jiƙe sharkaf. Baba ya fita, Inna na madafa. Na wuce kai tsaye ɗakin Talatu. Tana zaune bakin gado da faifai a cinya, na ƙarshe a cikin jeren, ta kai rabi. Jakar Hadiza na nan bakin ƙofa inda aka ajiye ta. Na ɗauke ta na zazzage kayan a kan gado, na ce mata an karɓi maganar, in Allah ya yarda ba inda yarinyar nan za ta. Ta rufe ido, leɓɓanta na motsi, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ta dubi fuskata sosai.

"Ya hwaɗa maki," ta ce.

Na ce a gaban mutumin ofis ya faɗa. Na tambaye ta yadda ta iya, ta san hannun da ya kashe mata miji, ta zauna wata da watanni tana ɗinka mini kayan shiga gidansa. Ta ce ranar da aka kawo gawar ta leƙa ta taga, ta ga Mannir durƙushe a tsakar gida rigarsa duk jini, yana kukan da ita ba a bar ta ta yi ba. Ta ce ta nemi ƙinsa a zuciyarta ta rasa, ta nemi yafe masa ita ma ta rasa, sai ta kama ɗinki don hannunta ya sami abin yi.

Ruwa na ta dukan kwano. Hadiza ta shigo da gudu ta ga kayanta a baje, ta ɗauki jan takalmin ta fice abinta. Talatu ta ɗaga faifan ta juya shi, ta soke basillar a inda ta tsaya.

"To, uwar kinibibi," ta ce a hankali, karo na farko tun rasuwar, "in ƙarasa shi, ko in bari?"

Faifan na nan cikin akwatina har yau, da basillar a soke inda ta bar ta.